Farashin Kujerar Alƙali: Kasuwannin Hasashe da Kotun Ƙolin Amurka

A ranar Alhamis, 27 ga watan Satumba na shekarar 2018, sa'ad da kwamitin shari'a na Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a birnin Washinton domin sauraron wata malamar jami'a mai suna Christine Blasey Ford, wadda ta tuhumi Brett Kavanaugh, mutumin da Shugaba Trump ya gabatar don ya hau kujerar alƙalanci a Kotun Ƙoli, da cewa ya yi yunƙurin keta mata haddi tun suna 'yan makaranta a shekarar 1982, akwai wani zama na biyu da ake yi a daidai wannan sa'a, wanda ba shi da zaure, ba a kuma rantsar da kowa a cikinsa ba. Jama'a ne masu yawa zaune gaban kwamfutocinsu, suna kallon talabijin suna duba wani shafi mai suna PredictIt, suna saye da sayar da takardun da aka ɗaura a kan tambaya guda: majalisa za ta tabbatar da shi, ko kuwa ba za ta tabbatar ba? Da hantsi, yayin da matar take ba da shaida, farashin takardar tabbatarwa ya yi ƙasa. Da yamma kuwa, bayan da shi ya zo ya musanta tuhumar da kakkausar murya, sanatocin jam'iyyarsa suka tsaya masa, sai farashin ya farfaɗo. Ran 6 ga Oktoba aka tabbatar da shi da ƙuri'a 50 a kan 48, waɗanda suka sayi takardar da arha a lokacin da matar take magana suka kwashi ribarsu.

Ban ɗauko wannan ƙissa domin in yi hukunci tsakanin mai tuhuma da wanda aka tuhuma ba, tun da yake ita ta tsaya a kan maganarta, shi kuma ya tsaya a kan musunsa, Allah kuwa Shi ne masanin abin da zukata suka ɓoye. Abin da ya dame ni shi ne wancan zama na biyu, da irin darajar da manyan jaridu da masana tattalin arziki suka fara ba shi, har ya zama idan aka sami gurbi a Kotun Ƙoli, kafin a gama karanta tarihin wanda aka gabatar an riga an buga farashinsa. Ana ce mana waɗannan kasuwanni sun fi masu sharhi dacewa da abin da zai auku, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Sai dai a nawa ganin wannan dacewa tasu ita ce babbar shaida a kan cutar da ta kama tsarin naɗin alƙalai a waccan ƙasa, kuma duk wanda ya karɓi farashi a matsayin ilimi game da alƙali, to, ya yarda ke nan a musanya masa tambaya mai nauyi da wata mai sauƙi ba tare da ya farga ba.

Ya kamata a fara da bayanin yadda cinikin yake gudana, domin malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Masu shafin sukan rubuta tambaya wadda amsarta ba ta wuce e ko a'a ba, su yanka mata wa'adi, kamar su ce za a tabbatar da wane kafin ƙarshen wata kaza ko ba za a tabbatar ba. Sa'an nan a fitar da takardu iri biyu, ta e da ta a'a, bisa sharaɗin cewa ranar da al'amari ya bayyana, takardar da ta dace za a fanshe ta a kan dala ɗaya, wadda ta kuskure kuwa ba ta da ko anini. Kafin zuwan wannan rana kowa yana iya saye ko sayarwa, farashi yana kai da kawo tsakanin santi 1 da santi 99 gwargwadon yawan masu nema. Idan takardar e ta tsaya a santi 70, sai a fassara cewa jama'ar kasuwa suna ganin abin zai auku da rinjayen kashi 70 cikin ɗari. Wanda ya saya a 70, in ya dace ya ci 30, in bai dace ba ya yi hasarar 70, kuma abin da ya ci daga aljihun abokin cinikinsa ya fito, bayan masu shafin sun cire la'adarsu.

Abin ya faro ne da sunan nazari. A shekarar 1988 wasu malamai a Jami'ar Iowa suka buɗe 'yar ƙaramar kasuwa a kan zaɓen shugaban ƙasa, aka kuma ƙayyade cewa kada mutum guda ya zuba fiye da dala 500. Bayanta aka yi Intrade, mai mazauni a ƙasar Ayalan, wadda hukumar CFTC mai lura da irin wannan mu'amala a Amurka ta kai ƙara a 2012, ta rufe a 2013. PredictIt kuwa ta zo a 2014 a ƙarƙashin inuwar wata jami'a ta birnin Welintan a Niyu Zilan, aka yarje mata bisa sharaɗin kada kuɗin mutum guda a kan takarda guda ya haura dala 850. Amma wannan takunkumi bai hana abin girma ba, gama a watan Satumba na 2024 kamfanin Kalshi ya yi nasara a kan CFTC a gaban kotun tarayya, aka buɗe masa ƙofar cinikin takardun zaɓe, kuma a cikin shekarar 2024 ɗin kuɗin da aka juya a wani shafi mai suna Polymarket a kan zaɓen shugaban ƙasa kaɗai ya haura dala biliyan 3. Gwajin malaman jami'a ya zama babbar sana'a, kuma duk ranar da kujera ta sake samuwa a Kotun Ƙoli, dukiyar da za a zuba a kanta za ta sa ta 2018 ta zama abin rainawa.

Adalci ya wajabta in kawo hujjar masu kare wannan ciniki da cikakken ƙarfinta kafin in yi mata raddi. Sukan ce ilimi a warwatse yake cikin jama'a, wannan ya san guntu, wancan ya san guntu, babu kuma abin da ke tattara gutsattsarin nan wuri guda kamar farashi, wanda ra'ayi ne da masanin tattalin arziki Friedrich Hayek ya shimfiɗa tun 1945. Sukan ƙara da cewa mai sharhi a gidan talabijin yana iya faɗin son ransa ba ya hasarar komai, alhali wanda ya sa kuɗinsa tilas ne ya bi abin da ya rinjaya a zatonsa ko da zuciyarsa ba ta so. Sukan kuma kafa hujja da abin da Francis Galton ya gani a wani bajekolin dabbobi a garin Plymouth na Ingila a 1906, inda mutum kusan 800 suka sayi tikiti a kan sisi sisi, kowa ya rubuta ƙiyasinsa na nauyin wani sa bayan an yanka an feɗe. Da aka jera amsoshin sai ta tsakiya ta faɗa a kan laba 1,207, nauyin haƙiƙa kuwa laba 1,198 ne. Taron da ya haɗa mahauta da waɗanda ba su taɓa riƙe wuƙa ba ya kusa cin daidai, wannan kuwa ba ƙaramin abin lura ba ne.

Sai dai wannan ƙiyasi ne da akwai bambanci tsakanin asalinsa da reshensa, kuma bambancin yana ɓata shi ta fuska biyu. Ta farko, a taron Galton an jera amsoshi ne ɗaya bayan ɗaya, ta mai arziki da ta talaka nauyinsu ɗaya, alhali a kasuwar hasashe ƙarfin muryar mutum gwargwadon nauyin jakarsa ne. A zaɓen 2024 masu Polymarket da kansu sun tabbatar cewa wani Bafaranshe guda ne ke riƙe da asusu huɗu da ya zuba miliyoyin daloli a cikinsu a kan nasarar Trump, kuma ko da yake ya dace daga ƙarshe, wanda ya karanta farashin a lokacin yana zaton ra'ayin jama'a yake karantawa ya karanta, cikin wani ɓangare babba, ra'ayin mutum ɗaya. Ta biyu, wadda ta fi girma, nauyin sa abu ne tabbatacce wanda zaton mutane ba ya ƙara masa ko rage masa komai, amma tabbatar da alƙali aiki ne na sanatoci ɗari masu karanta jarida, masu tsoron zaɓe mai zuwa, waɗanda idan suka ji an yi ittifaƙi cewa magana ta ƙare, mai rauni a cikinsu ya sami uzurin bin rinjaye, mai shakka kuma ya ga babu fa'ida ya ɓata da jam'iyyarsa a kan abin da ba zai hana ba. A nan ma'auni yana taɓa abin da ake aunawa.

To, bari mu kau da kai daga duk wannan, mu sallama cewa kasuwar tana dacewa, sa'an nan mu tambaya: mene ne take ƙirgawa har take dacewa? Tsarin mulkin Amurka ya ba shugaban ƙasa ikon gabatar da alƙali, ya kuma sharɗanta shawara da yardar Majalisar Dattawa, mai sanatoci 100, biyu daga kowace jiha. Wanda ya duba ƙuri'un da aka kaɗa cikin shekaru arba'in da suka shige zai ga abin da nake nufi ba sai an yi masa dogon sharhi ba. A 1986 an tabbatar da Antonin Scalia, mai tsananin ra'ayin riƙau, da ƙuri'a 98 ba hamayya. A 1993 an tabbatar da Ruth Bader Ginsburg, wadda take can ɗaya gefen, da 96 a kan 3. John Roberts ya sami 78 a kan 22 a 2005, Elena Kagan ta sami 63 a kan 37 a 2010. Daga nan sai rata ta tsuke: Neil Gorsuch 54 a kan 45 a 2017, Kavanaugh 50 a kan 48, Amy Coney Barrett 52 a kan 48 a 2020 ba tare da ko sanata ɗaya na jam'iyyar Dimokurat ba, sai Ketanji Brown Jackson, baƙar mace ta farko a wannan kotu, 53 a kan 47 a 2022, da sanatoci uku kacal daga Rifablikan. Ba na cewa zamanin da ba a yi rigima ba, domin an kayar da Robert Bork a 1987, Clarence Thomas kuma da ƙyar ya sha a 1991; amma abin da yake nadiri a da, shi ne ya zama ƙa'ida a yau.

Akwai kuma abubuwa biyu da suka ƙarasa rushe abin da ya rage. Da Scalia ya rasu a watan Fabrairu na 2016, Shugaba Obama ya gabatar da Merrick Garland, sai shugaban masu rinjaye, Mitch McConnell, ya ƙi ko da a zauna a saurare shi, bisa hujjar cewa shekarar zaɓe ce, har sunan ya faɗi bayan kwana 293. Amma da Ginsburg ta rasu ran 18 ga Satumba, 2020, wannan majalisa ɗaya ta tabbatar da Barrett ran 26 ga Oktoba, saura kwana takwas a yi zaɓe. Tsakanin waɗannan biyu, a watan Afrilu na 2017, aka soke ƙa'idar da ta buƙaci sanatoci 60 kafin a rufe muhawara a kan alƙalin Kotun Ƙoli, bayan da 'yan Dimokurat suka riga suka soke ta a 2013 game da alƙalan ƙananan kotunan tarayya, ta yadda laifin ya game ɓangarorin biyu. Tun daga nan wanda ya san jam'iyyar shugaban ƙasa, ya san kuma wadda ke da rinjaye a majalisa, ya san mafi yawan amsar, abin da ya rage bai wuce tunanin sanatoci uku ko huɗu ba. Wannan ɗan lissafi shi ne dukan hikimar da ake yaba wa kasuwa da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa majalisa ce ta tsaga shi da hannunta tun kafin 'yan kasuwa su iso.

Abin da ya ƙarfafa mini wannan ra'ayi shi ne halin da irin waɗannan kasuwanni suka shiga a lokacin da tambayar ta fita daga ƙirgen 'yan siyasa ta koma ga ijtihadin alƙali. A watan Yuni na 2012, ana jiran hukuncin kotu a kan dokar inshorar lafiya ta Obama, farashi a Intrade ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu cewa za a soke ginshiƙin dokar, wato wajabta wa kowa mallakar inshora. Ran 28 ga watan sai Babban Alƙali Roberts, wanda shugaba ɗan Rifablikan ya naɗa, ya haɗu da alƙalai huɗu na ɗaya ɓangaren, aka bar dokar da rinjayen 5 a kan 4, bisa hujjar cewa tarar da ke cikinta nau'in haraji ce, majalisa kuma tana da ikon sa haraji. Mai kare kasuwa zai ce kashi uku cikin huɗu zanni ne, ba yaƙini ba, kuma abin da aka ba kashi ɗaya cikin huɗu dole wata rana ya auku; gaskiyarsa. Amma darasin yana nan: inda mutum ya keɓe da nassi da hujja da lamirinsa, kasuwa ba ta da hanyar leƙawa, tana jin ƙarfinta ne kawai inda mutane suka zama abin ƙirgawa.

Ga asalin mas'alar. Tambayar da aka kafa zaman majalisa dominta ita ce ko wannan mutum ya cancanta. Tambayar da kasuwa take amsawa ita ce ko zai wuce. A fiƙihunmu, kafin alƙali ya karɓi shaidar mutum a kan 'yar dukiya kaɗan, akan yi masa tazkiyya, a tambayi waɗanda suka zauna da shi suka yi mu'amala da shi, a fili da kuma a asirce, ko adali ne mai kiyaye mutunci. To, idan haka ake yi wa shaida, ina ga wanda za a ba kujera ɗaya daga cikin tara, ya zauna a kanta iyakar rayuwarsa muddin bai sauka da kansa ba ko aka tsige shi? William Douglas ya shekara 36 a wannan kotu, Thomas kuma ya haura talatin yana nan. Waɗannan tara su ne suka halatta zubar da ciki a dukan ƙasar a 1973, magadansu kuma suka warware wannan hukunci a 2022, kotun nan ce kuma ta raba gardamar zaɓen shugaban ƙasa a shekarar 2000. Mai sayen takarda ba ruwansa da ilimin wanda aka gabatar, ko tsentseninsa, ko haƙurinsa da mai ƙara mara galihu. Idan ma ya tabbata azzalumi ne amma ƙuri'u sun cika, hankalin ciniki yana umartarsa ya sayi takardar e.

Magabata sun san nauyin wannan kujera, shi ya sa suka guje ta gudun da mutanen yau za su yi mamaki. Ya zo a hadisi cewa alƙalai kashi uku ne, ɗaya ne kaɗai mai tsira, shi ne wanda ya san gaskiya ya kuma yi hukunci da ita. Imamu Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci daga hannun Halifa Mansur, ya zaɓi kurkuku, ya rasu a Bagadaza a shekara ta 150 bayan Hijira. Imamu Sahnunu na Ƙairawana, mai Mudawwana, wadda malamanmu Malikawa suka dogara da ita, bai karɓa ba sai da tsufa bayan doguwar turjiya, kuma sai da ya sharɗanta wa sarki cewa hukuncinsa zai zartu har a kan mutanen gidan sarauta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma, da ya sauka Kano a farkon zamanin jihadi, ya wallafa wa jama'arta Diya'ul Hukkami don ya bayyana musu sharuɗɗan masu hukunci. Amurkawa ba su ɗaure kansu da waɗannan littattafai ba, amma ma'anar ba baƙuwa ba ce a wurinsu, tun da su ma sukan rantsar da alƙali cewa zai yi adalci ba tare da duban fuska ba, tsakanin matalauci da mawadaci. Matsayin da ake rantsuwa irin wannan kafin a hau shi bai dace a mai da hanyar hawansa filin sa kuɗi ba.

Bayan haka akwai mafsada ta zahiri, wadda ko wanda bai damu da martabar kujera ba ya kamata ta tsorata shi. Mun ce sakamakon yakan rataya a kan sanatoci kaɗan; a 2018 duniya ta yi ta jiran Susan Collins har ta tashi ta bayyana matsayinta ran 5 ga Oktoba. Irin wannan jawabi akwai wanda ya rubuta shi, akwai wanda ya buga shi, akwai waɗanda suka san abin da ke ciki sa'o'i kafin jama'a, kuma kowane ɗayansu yana riƙe da abin da zai iya zama kuɗi cikin minti biyar. Wasu masu kare kasuwar, irin su masanin tattalin arziki Robin Hanson, sun yi hujja cewa shigar masu sirri alheri ce, domin tana gyara farashi. Ma'anar wannan magana kuwa ita ce a biya mutum lada a kan cin amanar ofishinsa. Kada a ce sirrin manya ba ya fita: a watan Mayu na 2022 daftarin hukuncin kotu a kan zubar da ciki ya ɓulla a jarida makonni kafin a karanta shi, binciken da kotun ta yi kuma bai gano wanda ya fitar ba. Majalisar Amurka da kanta ta fahimci wannan haɗari a 2003, sa'ad da aka gano wani shiri na ma'aikatar tsaro na buɗe kasuwar hasashe a kan al'amuran Gabas ta Tsakiya, sanatoci suka yi ca, aka soke shi nan take, saboda an gane cewa wanda zai ci riba da aukuwar abu yana iya neman hanyar aukar da shi.

Mafsadar da ta fi ɓoyuwa kuwa ita ce wadda take sauka a zuciyar ɗan ƙasa. Mutumin da ya zauna sauraron shaida ba shi da komai a ciki sai son gaskiya, yana iya canza ra'ayi idan hujja ta zo masa. Wanda kuwa ya sa kuɗinsa a gefe guda, kowace kalma da ta fito daga bakin mai shaida yana auna ta ne da abin da za ta yi wa takardarsa, hawayen mace su zama alamar saye, fushin namiji ya zama alamar sayarwa, har ya wayi gari yana fatan a tabbatar da wanda shi da kansa ba zai yarda ya yi masa shari'a ba. Shari'ar Musulunci ta haramta wa wanda yake da amfani a cikin ƙara ya ba da shaida a kanta, saboda sanin yadda maslahar kai take karkatar da gani. Al'ummar da ta mai da 'ya'yanta masu hannun jari a cikin naɗin alƙali ta ɓata shaidarsu gaba ɗaya.

Game da hukuncin wannan mu'amala ga Musulmi, abin bai buƙaci dogon bincike ba. Mutum biyu sun sa dukiya a kan al'amarin da ba a san ƙarshensa ba, ribar ɗaya ita ce ainihin hasarar ɗaya, babu hajar da ta canza hannu, babu aikin da aka yi. Waɗannan su ne rukunan caca, wadda Alƙur'ani ya haɗa ta da giya a Suratul Ma'ida, kuma sun ƙunshi garari, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ciniki a kansa. Ba za a ƙiyasta shi da salam ba, inda ake biyan manomi kuɗi a kan hatsi sananne, mudu sananne, wa'adi sananne, domin can akwai abin da za a miƙa. Wani zai kawo ƙissar Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya sa raƙuma da wani mushirikin Makka a kan cewa Rumawa za su rinjayi Farisawa kamar yadda Suratur Rum ta ba da labari. Jawabin jumhurun malamai shi ne wannan ya auku kafin saukar haramci. Hatta hukumar CFTC, wadda ba da nassi take aiki ba, hujjar da ta kai kotu a kan Kalshi ita ce takardun zaɓe caca ce mai saɓa wa maslahar jama'a.

Mai karatu na iya cewa wannan duk ruwan Amurka ne. Ina tunasar da shi cewa tsarin shugaban ƙasa da Nijeriya ta ɗauka a 1979 daga can aka aro shi, kuma sashe na 231 na tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa ne ke naɗa Alƙalin Alƙalai da sauran alƙalan Kotun Ƙoli bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, da sharaɗin tabbatarwar Majalisar Dattawa. Ina kuma tunasar da shi cewa a kotun nan aka yanke makomar kujerar gwamna a Zamfara a 2019, da Imo a 2020, da Kano a watan Janairu na 2024, kuma wayar da matasanmu suke cacar ƙwallo da ita, ita ce za ta buɗe musu waɗancan shafuka. Ƙasar da jama'arta suka riga suka cika da zargin cewa ana sayen hukunci, idan aka ƙara mata da farashin da ke motsi dare ɗaya kafin zaman kotu, babu alƙalin da zai iya wanke kansa ko da ya fi kowa tsarki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Nuwamba na 2024 cewa ikon tsara harkar caca na jihohi ne, alhakin yana wuyan majalisun dokokin jihohi su haramta sa kuɗi a kan naɗin alƙalai da hukuncin kotuna tun abin bai kafu ba.

A kan 'yan'uwana 'yan jarida kuma akwai nasu haƙƙin, wanda ba ya jiran doka. Idan aka gabatar da alƙali, a can ko a nan, aikinmu shi ne mu tono hukunce-hukuncen da ya taɓa yankewa mu fassara wa jama'a, mu bincika yadda ya yi da marayu da fursunoni da masu ƙarar hukuma, mu tambayi daga ina dukiyarsa ta fito, mu kuma matsa wa sanatoci su yi tambaya ta gaskiya maimakon al'adar nan ta a rusuna a wuce da muka saba gani wajen tantance ministoci. Buga farashi ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa yake da haɗari, domin yana ba mai karatu jin cewa ya san labari alhali bai san komai game da mutumin da zai yi hukunci a kan jikokinsa ba. Su kuwa Amurkawa, ba za su warke ta hanyar rufe shafi ɗaya ko biyu ba muddin majalisarsu tana yanke ƙuri'a kafin ta saurara. Maganinsu shi ne su mayar da sharaɗin da zai tilasta wa shugaba gabatar da wanda wasu daga cikin abokan hamayyarsa za su iya aminta da shi, sanata kuma ya shiga zauren tantancewa da niyyar hujja ta yi masa jagora. Idan aka kai nan, ƙirgen jam'iyya ba zai ƙara isar kowa ya san sakamako ba, kuma wanda yake so ya san ko za a tabbatar da alƙali, tilas ya koma ya binciki ko alƙalin ya cancanta. Allah Ya ba mu masu hukunci masu tsoronSa, Ya kuma ba mu jama'ar da ta san darajarsu.